Tambayoyi da Amsoshi Kan Fina-finan Ban Tsoro: Wanne Ne Ke Bin Mutum Har Gida?

Na fara harkar fim ne a gidan kallo, zamanin kaset ɗin bidiyo, a wata rumfar langa-langa cikin garin Bauchi, da benci shida da janareta mai hayaƙi. Yanzu shagon tura fina-finai a waya gare ni, ba nisa da Kasuwar Wunti. Tsakanin wancan zamani da wannan na kalli fuskokin mutane da yawa a lokacin da tsoro ya kama su, na kuma ji abin da suke faɗa washegari. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini a bakin kanta, daga ɗaliban Yelwa da Gwallameji har matan aure masu aiko yaro da memori ƙunshe a takarda.

Oga, wane fim ne ya fi kowanne ban tsoro?

Ba a kwana biyu ba a yi mini wannan tambaya ba. Kafin in amsa sai na ji abin da mutum yake nufi da tsoro, domin abubuwa daban-daban muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya. Akwai razana, wato a buga ƙara ka zabura, gabanka ya faɗi, jim kaɗan ka yi dariya. Akwai ƙyama, irin ta ganin jini da kayan ciki, wadda ke sa ka ture kwanon abincin da ke gabanka. Sai kuma tsoro na ainihi, mai shiga ƙirji a hankali ya ƙi fita.

A gidan kallo na koyi bambance su. Daren da na sa The Evil Dead, wanda Sam Raimi ya yi a 1981, rumfar kamar za ta tsage don ihu, har wani ya faɗo daga benci. Da aka tashi kuwa, samari suna fita suna kwaikwayon muryar matar nan da aka kulle a ƙarƙashin ɗaki, suna ƙyaƙyata dariya, kowa ya kama lungunsu shi kaɗai. Shekaru bayan haka na sa The Ring. Ihun bai kai rabin na wancan ba. Amma da na kashe talabijin sai na ga mutane sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ana tambayar wa zai bi ta Jahun, wa zai bi ta Nasarawa, a tafi tare. Wani magidanci ya matso kusa da ni ya ce, "Don Allah ɗan haska mini da tocila zuwa bakin titi."

Tun daga ranar na daina auna fim da ihun da aka yi a kansa. Ina auna shi ne da hanyar komawa gida, da kuma ko mutum zai iya ɗaukar buta ya zaga bayi ƙarfe biyun dare ba tare da ya tashi wani ba.

Me ya sa fim ɗin da ba a cika nuna dodon ba ya fi ban tsoro?

Ka tuna tatsuniyar Dodo da kaka take yi mana a tsakar gida. Ba ta taɓa tsayawa ta ce tsayinsa kaza ne, haƙoransa kaza ne ba. Muryarta kawai take kaurarawa, ta ce ya iso bakin ƙofa yana jin warin mutum. Kowane yaro a tabarmar nan shi yake ƙera nasa Dodon, daidai da abin da ya fi tsoro a ransa, kuma babu mai kwalliyar fim da zai iya ƙera maka wanda ya kai wannan muni.

Masu fim sun gano haka, wani lokaci ma tilas ce ta koya musu. Da Steven Spielberg yake ɗaukar Jaws, fim ɗin wani babban kifi mai cin mutane wanda ya fito a 1975, kifin roba mai inji da aka ƙera masa ya riƙa lalacewa a ruwan teku. Dole ta sa ya nuna kifin ta wasu hanyoyi: ƙafafun mai ninƙaya daga ƙarƙashin ruwa, duro mai ruwan ɗorawa yana gudu a saman teku, da kiɗan nan mai sauti biyu da ke ƙara sauri. Sai an ci fiye da awa ɗaya kafin a ga kifin sosai. The Blair Witch Project na 1999 ya wuce nan, domin har fim ya ƙare ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya. Ɗalibai uku ne suka ɓace a daji, da safe su tarar an tara duwatsu a bakin tantinsu, da dare su ji motsi.

Ido wa ka raina? Wanda kake gani yau da gobe. Da zarar dodo ya fito fili cikin haske, ido ya fara ƙare masa kallo, sai ka hango roba da fenti, tsoro ya tafi. Wannan ne ya sa kashi na huɗu da na biyar na yawancin fina-finan nan ba sa komai, an riga an saba da fuskar bos ɗin.

Shin da gaske sauti ya fi hoto aiki?

Gwada da kanka. Ɗauki fitowar da ta fi razana ka, ka kashe sautin ka sake kallo. Za ka ga mutum ne kawai yake buɗe ƙofa.

A Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, fitowar da aka kashe matar a banɗaki ba ta da launi, kusan ba a ma ganin wuƙar tana shiga jiki. Kukan gogen da Bernard Herrmann ya tsara shi ne yake sokar mai kallo. John Carpenter da kansa ya haɗa kiɗan Halloween na 1978, 'yan sautuka kaɗan masu maimaita kansu har su takura maka. Amma ni waɗanda suka fi burge ni su ne masu ɗaukar ƙaramin sauti na yau da kullum su ɓata maka shi. A Hereditary na 2018, wata yarinya tana da ɗabi'ar ƙyasta harshe. Bayan wani abu ya faru, sai a ji wannan ƙyas ɗin daga kusurwar ɗaki cikin duhu. A Pengabdi Setan na Indonesiya, 2017, uwa ce take kwance ba lafiya, in tana son a zo sai ta kaɗa 'yar ƙararrawa. An kai ta makwanci, an dawo gida, dare ya yi, sai ƙararrawa ta kaɗa. Duk wanda ya taɓa jinyar mahaifi ya san abin da wannan yake taɓawa.

Shiru ma makami ne. A Quiet Place na 2018 an gina shi ne a kan iyalin da in suka yi ƙara za a kashe su, har mai kallo ya kama kansa yana riƙe numfashi. Irin waɗannan in ka kalle su da sifikar waya a majalisa, ana hira ana wucewa da acaɓa, ka yi asarar kuɗin turi. A sa abin ji a kunne.

Wannan zaburar da mutum da ake yi da ƙara, gwaninta ce ko ha'inci?

Ya danganta da abin da aka yi kafin ƙarar. Jikin ɗan Adam yana zabura da kansa in ya ji ƙara ba shiri. Wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala shi ke buga ƙararrawa, sinadarin adirenalin ya kwarara, zuciya ta hau dukan uku-uku kafin hankali ya tantance ko mene ne. Ko yaro ya fasa leda a bayanka zai samu wannan daga gare ka, don haka ba abin yabo ba ne a karan kansa.

Gwanintar tana wajen jan zare. Tun a 1942, a fim ɗin Cat People, aka nuna yadda ake yi: mace tana tafiya ita kaɗai da dare, tana jin taku a bayanta, takun ya ɗauke, ta waiwaya ba kowa, ta ƙara sauri, sai ga wata ƙara kamar hucin dabba, ashe bas ce ta taka birki. Babu abin da ya same ta, amma an riga an matse mai kallo. James Wan ya iya wannan a The Conjuring na 2013. Da farko ya nuna maka yara suna wasan ɓuya da tafi, wasa mai daɗi, ka saki jiki. Can gaba uwar tana cikin duhu a saman matakalar ɗakin ƙasa, ta ƙyasta ashana, sai hannuwa biyu suka fito ta bayan kafaɗarta suka yi tafi. An shuka abin tun da wuri, shi ya sa ya kama.

Wanda nake kira ha'inci shi ne fim ɗin da duk minti biyar sai kyanwa ta diro ko aboki ya dafa kafaɗa an buga ganga. Kafin a kai rabi ka gaji, ka fara duba saƙonni.

Tsakanin na Amurka da na Japan, wanne ya fi?

Ga ni, na Japan, kuma ina da dalili.

A yawancin na Amurka mugun abu yana da jiki. Michael Myers na Halloween mutum ne da wuƙa da farar fuskar roba. Ana iya gudu, ana iya kulle ƙofa, ana iya soka masa wani abu. Ba na raina fim ɗin, domin Carpenter ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba: ya tsayar da mutumin da rana tsaka, a bayan shinge, a tsakanin shanya, cikin unguwa mai tsabta inda ba wanda ke zaton sharri. Amma dai ka san abin da kake gudu, ka kuma san cewa in gari ya waye an zo da 'yan sanda magana ta ƙare.

Ringu, wanda Hideo Nakata ya yi a 1998, wanda kuma Amurkawa suka sake yi da sunan The Ring a 2002, ba ya ba ka wannan mafita. Ka kalli wani kaset, waya ta yi ƙara, saura kwana bakwai. Babu inda za ka gudu, domin abin ba ya bin ka da ƙafa, lokaci ne kawai yake tafiya. Sadako kuma, fatalwar fim ɗin, ba ta da fuskar da za ka saba da ita, gashi ya rufe, ido ɗaya kawai ake gani. Tafiyarta ma akwai dabara a ciki: an ɗauki jarumar tana tafiya da baya, aka juya hoton, sai motsin ya fito kamar na mutum amma da wani abu da bai daidaita ba, irin wanda ido ke ƙi tun kafin ka san dalili. Sannan ga babbar muguntar fim ɗin: ta cikin talabijin take fitowa, kai kuma a talabijin kake kallo. Mutanen da suka tsaya a ƙofar rumfata a daren nan, da yawansu akwai akwatin a ɗakin da za su kwana.

Me ya sa fina-finan Turkiyya da Indonesiya suka fi kama mu fiye da na Turawa?

Domin da ɗan gari akan ci gari. Fim ɗin Bature in ya kawo gidan katako mai bene da ɗakin ƙasa, da coci, da mai shan jini da ke tsoron tafarnuwa, kallon nesa muke yi masa. Ba mu da ɗakin ƙasa a Fadaman Mada. Amma in fim ya buɗe da kiran sallah, mace ta idar tana naɗe sallaya, tsohuwa tana jan carbi a gefe, to gidanmu aka shigo.

Siccin na Alper Mestçi, 2014, ya ɗauko sunansa ne daga kalmar Sijjin da ke cikin Suratul Muɗaffifina. Labarin mace ce da ke son wani ɗan'uwanta na dangi, shi kuma yana da aure, sai ta tafi wurin boka a yi wa matar asiri. Wace unguwa ce a Bauchi ba a taɓa jin irin wannan zance ba? Matan da ke aiko a tura musu shi, washegari ba zancen aljanin suke yi ba, zancen matar suke, da yadda son zuciya ya kai ta ga hallaka gida guda har da kanta. A Pengabdi Setan kuma akwai inda budurwa take sallah cikin dare, abin ya same ta a cikin mayafin sallar. Na ga mutanen da suka jure yanka da sara a wasu fina-finai amma suka kashe waya a nan, saboda wurin da suke gudu su fake ne aka taɓa.

Wanda na fi so a wannan layi shi ne Under the Shadow na Babak Anvari, 2016. A Tehran ne, lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na shekarun 1980. An tura miji fagen daga, an bar mace da 'yarta a bene, makami mai linzami ya faɗo ta rufin bai fashe ba, maƙwabta suna ta kwashe kaya suna barin gari ɗaya bayan ɗaya. 'Yartsanar yarinyar ta ɓace, yarinyar ta ce aljani ne ya ɗauke. Aljanin nan in ya bayyana, mayafi ne kawai yake kaɗawa babu kowa a ciki. Har ƙarshe kana auna ko iska ce, ko kuwa tsoro da kaɗaici ne suke cin uwar.

Kada wannan ya sa a raina The Exorcist na William Friedkin, 1973, fim ɗin ban tsoro na farko da aka sa a takarar gwarzon fim na Oscar. Addinin cikinsa ba namu ba ne, amma ciwon cikinsa mun san shi. Kafin a kira limamin coci, uwar ta gama zaga likitoci da 'yarta mai shekara 12, an yi hoto, an yi allura, kowa ya ce bai ga komai ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya daga asibiti zuwa wurin mai ruƙiyya, daga can a sake komowa asibiti, zai gane fuskar matar nan. Jujjuya kai da amai kore sun tsufa. Uwar da ke kallon 'yarta ta zama wata daban ba ta tsufa ba.

Na Indiya fa? Waƙa ba ta ɓata tsoron?

Tana ɓatawa. Mu da muka taso da Nagin na 1976 da fina-finan 'yan gidan Ramsay irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, muna son su don sabo. Amma tsoro kamar tuwo yake a kan wuta, in ka sauke ka tafi rawa a lambu na minti shida, ka dawo ka tarar ya huce. Ram Gopal Varma ya cire waƙa daga cikin Bhoot na 2003, ya kuma fitar da fatalwa daga tsohon kango ya kai ta bene na zamani a Mumbai, mai lif da maigadi.

Wanda zan ce kowa ya nema shi ne Tumbbad na 2018. Ruwan sama ba ya ɗaukewa a ƙauyen, wani mutum yana sauka cikin rami ƙarƙashin tsohon gida ya yaudari wani abin bauta la'ananne da 'yartsanar ƙullu, ya sace zinariya daga jikinsa. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne ranar da ya fara koya wa ɗansa sana'ar.

Fassarar Hausa tana rage tsoro?

In mai fassara ya cika surutu, ƙwarai kuwa. Akwai masu jin cewa duk inda aka yi shiru dole su cike shi da barkwanci ko su faɗa maka abin da zai faru. A fim ɗin faɗa wannan yana da daɗi. A na ban tsoro kuwa shirun nan shi ne jarin darakta. Wanda ya fassara magana kawai ya bar sauran sautin yadda yake, nasa yakan fi na asali kama mu, domin jin aljani yana magana da Hausa ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa namu na gida ba sa ban tsoro?

Wannan tambaya tana ci mini rai, domin ba kayan aiki muka rasa ba.

'Yan Kudu sun taɓa kamo bakin zaren. Living in Bondage na 1992, da harshen Ibo, labarin Andy ne da ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Hoton ba shi da kyau, dabarun na lokacin ne, amma ya kama mutane domin kowa ya san wani da ya yi kuɗi dare ɗaya ana ta ƙus-ƙus a kansa.

A fina-finanmu na Hausa kuwa, da an ce aljani sai a shafa wa mutum farar hoda, a zagaye masa ido da baƙi, a sa muryarsa ta riƙa amsa-kuwwa, ya yi dariya hahaha, ya ɓace fat da walƙiyar kwamfuta. Minti biyu da fara fim an nuna shi, da rana, daga sama har ƙasa. Yara ma dariya suke yi. Sannan sai ya tsaya ya yi dogon bayanin dalilin zuwansa, alhali abin da ba ka san dalilinsa ba shi ya fi tayar da hankali.

Dubi abin da ke hannunmu. Muna da labarin kyakkyawar mace da mai acaɓa ya ɗauka da dare, sai da ta zo sauka ya ga kofato. Muna da tsamiya da kuka da ba a zama ƙarƙashinsu da tsakar rana, da hana zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, da hana yara fita da magariba. Muna da maita da kamun kurwa, inda wanda ake zargi ba baƙo ba ne, maƙwabciya ce da ke ba ɗanka ƙosai. Muna da hazon Disamba da ke shafe duwatsun Dass har ka kasa ganin abin da ke gabanka, da tsofaffin gidajen ƙasa masu zaure uku, da rijiya a tsakar gida. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Fim ɗin da zai girgiza mu shi ne wanda zai ɗauko tsoron nan daga daji ya ajiye shi a tsakar gida.

Da ni ne mai kyamara, ga abin da zan ɗauka. An ɗauke wuta, lokacin zafi, iyali suna kwance a waje. Ƙarfe ɗayan dare aka yi sallama a zaure, sallama cikakkiya, cikin ladabi. Matar gida ta amsa cikin barci. Sai da ta amsa ta tuna cewa mai wannan murya yau kwana bakwai da yi masa sutura. Kyamara ba za ta bar fuskarta ba, ba za a nuna zauren ba. Kuɗin wannan fitowa bai wuce na fitila ɗaya da jaruma mai iya wasa da ido ba.

Ashe ba sai da kuɗi masu yawa ba?

A'a. Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a gidansa da kusan dala 15,000, ya kuma tara fiye da dala miliyan 190. Kyamara ce a kafe a ɗakin kwana, ƙofa ta motsa kaɗan, mace ta tashi cikin barci ta tsaya a kan saurayinta awa da awanni. Halloween ma kusan dala 300,000 aka kashe masa.

Waɗanda ake rubuta "labarin gaskiya ne" a farkonsu, gaskiya ne?

Yawanci ƙwayar gaskiya ce ake zuba wa buhun ƙari. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 ya zo da wannan iƙirari, alhali babu wani iyali a Texas da ya yi haka. An ɗan ɗebo ne daga laifukan Ed Gein, wanda ma a jihar Wisconsin ya rayu. Masu The Blair Witch Project sun yaɗa cewa 'yan wasan sun ɓace da gaske, alhali suna nan da ransu. Littafin da aka yi The Exorcist daga gare shi ya samo tushe daga wani lamari na 1949 da ya shafi yaro namiji, marubucin ya mai da shi yarinya ya gina sauran. The Conjuring kuma ya dogara ne da abin da Ed da Lorraine Warren, ma'aurata masu iƙirarin binciken aljanu, da iyalin gidan suka bayar da labari, mutane da yawa kuma sun yi jayayya da irin iƙirarin ma'auratan nan. Rubutun yana cikin dabarun tsoratarwa, don ka kasa ce wa kanka "ai fim ne".

Yawan jini shi ne ban tsoro?

Ƙyama ce, na riga na faɗa. Masu neman irin su Saw suna nan, ina tura musu in sun kai shekaru, amma ban taɓa jin wanda ya ce jini ya hana shi zagawa bayi ba.

Yaya, ƙanena yana son kallo, in bar shi?

Kada ki bar shi. A nan ba na sassautawa, domin na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. A zamanin rumfa na bar wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya shiga da yayansa, don kawai an biya masa. Bayan kwana uku mahaifiyarsa ta zo har ƙofa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, yaron nan tun ranar ba ya barci, fitsarin kwance ya dawo masa." Ban sami abin cewa ba sai haƙuri. Babba yana da inda zai ajiye abin da ya gani, ya ce roba ce da fenti. Yaro ba shi da wannan, abin da ya gani ya gani ke nan. Lambar 18 da ake sa wa fim ba ado ba ce. Ki kuma lura da wayarki in kin ajiye, domin yawancin yaran yanzu a wayar yayye da iyaye suke gani.

Ba yara kaɗai ba. Garin nan akwai bayin Allah da suka baro Borno da Yobe da abin da idonsu ya gani. Kada ka ja irin wannan mutum kallo don a yi dariyar yadda zai zabura. Akwai fim ɗin His House na 2020, kan mata da miji da suka tsere daga yaƙin Sudan ta Kudu aka ba su wani gida a Ingila, abin da suka baro ya biyo su cikin bango. Fim ne mai kyau ƙwarai, amma nakan tambayi mutum sau biyu kafin in tura masa.

Na kalla na kasa barci, har dannau ya danne ni. Fim ɗin ne ya jawo?

Yana iya taimakawa ta hanyar hana ka barci. Likitoci sun bayyana cewa lokacin mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki, wani lokaci sai hankali ya farka kafin jiki, ka ji an danne ka, ka kasa motsi ko magana na ɗan lokaci. Ƙarancin barci da damuwa da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Ka huta da kallon dare, ka yi alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kamar yadda aka koya mana, ka kwanta ta gefen dama. In abin ya yawaita ka ga likita.

Batun halacci kuwa na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan iya faɗa daga bakin kanta shi ne da yawa daga na Turawa akwai tsiraici, wasu na Turkiyya kuma suna nuna aikin boka dalla-dalla. Ka tambaye ni kafin in tura, zan gaya maka abin da ke ciki. In kuma ka ga kallo ya fara sa ka tsoron aljani fiye da kima, kana zargin kowace tsohuwa a unguwa, to ka ajiye.

Ban taɓa kallo ba, da wanne zan fara?

Fara da Jaws ko A Quiet Place, suna da matsi amma ba sa kwana a rai. In ka ji daɗinsu ka wuce The Conjuring, daga nan Tumbbad da Under the Shadow. Ringu da Pengabdi Setan ka bar su sai ranar da akwai mutane a gida. Hereditary kuwa ba na ba wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, ko ya roƙa. Ka zo da memori mai fili, kuma ka zo kafin magariba, don ina rufe shago in an kira sallah.